Wane ƙarfi ya kamata a ɗaure notin tayar tsohuwar mota?

Sau da yawa za ka ga mai faci ya taka sifana da ƙafa har sai noti ya yi ƙara, a ganinsa ɗauri ya yi kyau ke nan. Alhali kowace mota tana da iya ƙarfin da kamfani ya ƙayyade, wanda ake aunawa da Nm. Tsohuwar Toyota Corolla 103 Nm take buƙata, Honda Civic kuma 108 Nm.

Idan ɗaurin ya wuce kima, ƙusar takan miƙe, zarenta ya cinye, wata rana ta karye kana tsakiyar gudu. Idan kuma bai kai ba, notin ya riƙa kwancewa har taya ta fice. Tsohuwar mota ta fi shiga wannan haɗari, domin ƙusoshinta sun sha ɗauri da tsatsa.

Don haka ka goge tsatsar, amma kada ka shafa giris ko baƙin mai. Fara ɗaurawa da hannu, kana tsallakawa daga noti zuwa wanda ke fuskantarsa. Sannan ka sauke motar daga jak, ka kammala da sifana mai awo. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, ka sake dubawa.