Idan 'Yarki Ta Ce Mutum-mutumi Za Ta Karanta

Uwargida, a ce 'yarki ta gama sakandare, ta zo ta ce miki ita mutum-mutumi take son karantawa a jami'a, wato na'urar nan mai motsi da magana wadda kwamfuta ke sarrafawa. Na san abin da zai fara faɗo miki a rai: ƙarafa da wayoyi, aikin maza. To kada ki yi saurin hana ta. Akwai reshen wannan ilimi da ake kira nazarin mu'amalar mutum da mutum-mutumi, kuma rabinsa sanin halayyar ɗan'adam ne.

Ji irin tambayoyin da ɗalibansa ke bincike a kai. Ina ya kamata na'ura ta tsaya don kada mutum ya ji an matse shi? Ta dube shi cikin ido ko ta kau da kai? Yaushe za ta yi shiru ta bar shi ya gama magana? A wajenmu yaro ba ya ƙura wa babba ido, a Amurka kuwa wanda ya ƙi haɗa ido sai a zarge shi da rashin gaskiya. Kin ga na'urar da aka koya wa ladabin can, in ta tsaya gaban surukarki, marar kunya ce. Wanda ya tashi cikin al'adar ne zai iya gyara wannan.

Mata kuma ba baƙi ba ne a fagen. Cynthia Breazeal ce ta ƙera Kismet a jami'ar MIT ta Amurka a ƙarshen shekarun 1990, wani kai mai idanu da gira da kunnuwa, wanda ke sauya fuska gwargwadon yadda aka yi masa magana, tamkar jariri. A jami'ar Hertfordshire ta Ingila, a 2005, Kerstin Dautenhahn da abokan aikinta suka fito da Kaspar saboda yara masu lalurar galahanga, waɗanda cuɗanya da mutane ke yi wa wuya. Fuskarsa ba ta da yawan sauye-sauye, ba ya gajiya da maimaici, in yaro ya mintsine shi sai ya nuna ya ji zafi. Da haka ake koya wa yaron bambancin taɓawa da cutarwa.

Inda nake da ja shi ne Paro, wanda Takanori Shibata ya ƙera a Japan da siffar jaririn wata dabbar teku mai farin gashi. Ana ba tsofaffi masu gigin tsufa su rungume shi, hankalinsu ya kwanta. Yana taimakawa, amma tsohuwar da ta ɗauka mai rai ne take rarrashi, an kyauta mata ko an yaudare ta? Har a ajin ma ana wannan muhawara.

Yawanci sai a digiri na biyu ake shiga fannin sosai. Digirin farko na iya zama ilimin kwamfuta, ko ilimin halayyar ɗan'adam, ko injiniyancin mekatroniks da ake koyarwa a Jami'ar Bayero ta Kano. In ta wajen injiniyanci za ta bi, tun daga aji huɗu na sakandare ki sa mata ido kan lissafi da fiziks da kemistiri.