Ciwon hanta a garke: a san irinsa kafin a sayi magani

A bazarar bara wani dattijo ɗan ƙungiyarmu ta makiyaya ya kira ni rugarsa, kusa da Tirmini. Tumakinsa huɗu sun mutu cikin wata guda, sauran sun rame, ƙarƙashin haɓarsu ya kumbura kamar an ɗura ruwa. Na buɗe fatar idon wata tunkiya, na tarar da ita fari fat, babu alamar jini. Na ce: "Baba, wane magani kuka ba su?" Ya ɗauko kwalbar ivermectin da ya saya a hannun mai talla a kasuwa. Sau biyu ya yi musu allurar.

Maganin yana da amfaninsa, yana kashe tsutsar ciki da ƙaiƙayin fata. Amma shi kaɗai ba ya taɓa tsutsar hanta, wadda Fulani ke kira balku. Kuɗin Baba sun tafi a banza, tsutsa kuma ta ci gaba da aikinta.

Da aka yanka wadda ta fi galabaita, na roƙi mahaucin ya tsaga mana hantar. Jijiyoyin da ke kai ruwa ga maɗaciya sun yi kauri, sun yi fari, wuƙa na ƙara a kansu. Da ya matsa, sai ga tsutsotsi falan-falan suna fitowa, kamar ganyen dogon yaro, wata ta kai tsawon ɗan yatsa. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce tabkunan garinsu ai tun ɗari suka ƙafe, ina suka samo wannan?

Tambayar ta yi daidai. Tsutsar nan ba ta ratsawa daga bisa zuwa bisa kai tsaye. Ƙwanta yana fita cikin kashi, ya faɗa ruwa, ya shiga jikin wata ƙaramar katantanwa. Daga nan ƴaƴan su fito su manne a ciyawar bakin ruwa, bisa ta cinye. Katantanwar kuwa ta fi son ruwan da ba ya ƙafewa, irin na kwarin Korama a kudu, ko tabkunan Lasuri da Gidimuni. Garken Baba ya yi farkon rani a bakin Korama. Daga cin ciyawar zuwa lokacin da tsutsa za ta girma ta fara ƙwai ana yin wata 3 zuwa 4, shi ya sa ciwon yake bayyana bayan an dawo gida, a lokacin da ciyawa ta ƙare, kowa ya ɗauka yunwa ce.

Hanyar tabbatarwa ba tare da yanka ba ita ce a ɗebi ɗanyen kashi a kai wa likitan bisashe ya duba ƙwan da madubi. Sai dai idan tsutsar ba ta girma ba, ba a ganin ƙwai, ko da tana ɓarna. Don haka ku riƙa gaya masa inda garke ya yi kiwo da kuma yaushe.

Magunguna ba ɗaya ba ne. Triclabendazole yana kashe manya da ƙanana. Albendazole, ƙwayar da aka fi samu a wurinmu, manyan kawai yake kashewa, kuma ba a ba da shi a farkon ciki, domin yana iya lalata ɗan. Akwai allurar nitroxynil ma. Kowanne ana auna shi da nauyin bisa, kuma yana da kwanakin da ba a shan nono ko cin nama bayansa. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne raba ƙwaya ɗaya ga tumaki uku don a yi tsimi. Ba a warke ba, an kuma koya wa tsutsa jure magani. Garken da ke zuwa ruwa mai ɗorewa, ina ba da shawarar a ba shi sau biyu, farkon rani da ƙarshensa.

Ba kowane ciwon hanta ne tsutsar nan ba. Idan aka ga ƙulli-ƙulli masu ruwa a hanta ko huhu, daga kashin kare suka zo, kuma ba su da magani a jikin bisa. Kada a jefa wa kare irin wannan hanta, a ƙona ko a binne da zurfi, domin karen zai mayar da cutar ga garke, har ga yaran gida. Tunkuza da dusa da suka yi hunhuna su ma suna ɗauke da dafin da ke cin hanta a hankali, maganinsa a daina bayarwa. Idan kuwa bisashe suka yi ta ɓari a tare bayan ruwa mai yawa, ƴan raguna na mutuwa, kada a yanka, kada a taɓa abin da aka ɓarar da hannu, a sanar da ma'aikatar kiwo nan take. Haka zazzaɓin Rift ya yi a Cintabaraden da Tasara a 2016, har ya kashe mutane.

Tumakin Baba da suka rage mun ba su triclabendazole, muka ƙara musu harawa da gishiri. Biyu sun ƙara mutuwa, hantarsu ta riga ta lalace. Sauran kumburin ya saɓe cikin makonni kaɗan. Bana, tun kafin ya sauka Korama, ya zo ofishin ƙungiya ya sa aka rubuta masa ranar da zai ba da magani.