Yadda takarda ɗaya ke iya riƙe da ran fasinjan jirgin sama

A gefen filin jirgin saman Piedmont Triad da ke Greensboro, a jihar North Carolina ta Amurka, kamfanin Honda ke ƙera ƙananan jiragensa na HondaJet. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, FAA, ta amince da fasalin jirgin a Disamban 2015, amma sai a Yulin 2016 ta bai wa masana'antar lasisin ƙera shi da yawa.

Kafin ta bayar da irin wannan lasisi na biyu, hukumar kan nemi tabbacin cewa kowane jirgi zai fito daidai da wanda ta amince da shi tun farko. Hujjar kuwa tana cikin takardu.

A irin waɗannan masana'antu, kowane zanen injiniya da kowane umarnin aiki yana ɗauke da lamba, da ranar da aka gyara shi, da sunan wanda ya amince da gyaran. Da zarar sabon bugu ya fito, sai a janye tsohon daga kwamfutoci da teburan ma'aikata, domin kada makanikin dare ya yi aiki da umarnin da aka soke da safe. A fannin gyaran jirage ma, doka ta wajabta a rubuta aikin da aka yi da ranar kammala shi, sannan mai lasisin da ya amince da shi ya sa hannu.

Aiki ne mai gundura, kuma ma'aikata da dama na kallonsa a matsayin ɓata lokaci. Sai dai sau da yawa takardar ce ke kiran sufeto ya zo ya duba. Idan babu ita, babu wanda zai san akwai abin dubawa.

Abin da ya faru da kamfanin Boeing ke nan. Ranar 5 ga Janairun 2024, murfin da ke toshe gurbin wata ƙofa ya fizge daga jirgin Alaska Airlines samfurin 737 MAX 9, jim kaɗan bayan tashinsa daga Portland ɗauke da mutum 177. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba.

Masu binciken hukumar NTSB sun gano cewa an buɗe murfin a masana'antar Boeing da ke Renton a Satumban 2023 don gyara wasu ƙananan ƙusoshi, aka mayar da shi ba tare da manyan ƙusoshi huɗu da ke riƙe shi ba. Takardar da ya kamata ta nuna an buɗe shi, ba a taɓa cike ta ba, don haka babu sufeton da ya sake duba wurin. Jirgin ya yi ta jigilar fasinjoji a haka har kusan wata biyu.

Kafin watan Janairun ya ƙare, FAA ta hana Boeing ƙara yawan jiragen 737 MAX da yake ƙerawa har sai ya gyara tsarinsa na tabbatar da inganci.