IGWAR BAFARANSHE DA KAFUWAR JALINGO

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya kawo Turawa ƙasar Muri shi ne kwaɗayin cinikin Kogin Binuwai, da neman kasuwa ga kayan masana'antunsu, bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885 inda suka tsara rabon Afirka.

A 1892 wani hafsan Faransa, Luwi Mizon, ya iso Muri, alhali kuwa kamfanin Ingila, Royal Niger Company, yana da'awar wurin nasa ne. Mizon ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Muri Muhammadu Nya, ya taimake shi da igwa aka ci garin Kona na Jukunawa. Sansanin yaƙin da Sarki ya kafa kusa da Kona shi ne ya zama Jalingo a 1893.

To, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ingilishi suka sa aka janye Mizon, ƙasar ta faɗa hannunsu, Sarki ya koma ƙarƙashin Razdan. A 1926 suka rushe Lardin Muri, suka haɗa Jalingo da Yola. Gashaka da Mambila kuwa, da suka faɗa rabon Jamus, sai da ƙuri'ar 1961 suka tabbata cikin Nijeriya.

Tun 1991 Jalingo ce hedkwatar Jihar Taraba, amma har yau iyakar da Bature ya shata ita ke raba Bamambile da ɗan'uwansa na Kamaru.