Bel Ɗin da Ya Tsinke a Modesto

Ranar 12 ga Yuni, 1962, wani saurayi ɗan shekara 18 ya nufo gida cikin 'yar ƙaramar motarsa ƙirar Italiya, Bianchina, a garin Modesto na jihar Kalifoniya. Saura 'yan kwanaki a yaye su daga sakandare. Ya karya kan mota hagu zai shiga hanyar gidansu ke nan, sai wata babbar Chevrolet da ta biyo bayansa a guje ta kwashe shi. 'Yar motar ta yi ta wuntsilawa har ta je ta rungumi bishiya. To, yaron nan da kansa ya sa wa motar bel mai ƙarfi irin na 'yan tsere, don kada wani abu ya fisge shi daga kujera. Ana cikin wuntsilawar nan bel ɗin ya tsinke, mota ta cillo shi waje. Da bel ya yi aikin da aka sa shi, da tare da ƙarfen motar za a naɗe yaron a jikin itacen.

Sunansa George Lucas. Riƙe sunan, mai karatu, za mu dawo kansa.

Kafin wannan rana, ba abin da ya haɗa shi da littafi sai dole. Mota ce rayuwarsa: ya kwance inji, ya ɗaura, dare ya yi ya shiga zagaye gari tare da samari. Burinsa ya zama direban tsere. Mahaifinsa kuwa mai kantin kayan rubutu da kayan ofis ne, jira yake ɗa ya yi hankali ya karɓi kanti. Yanzu ga ɗan a gadon asibiti, huhu ya bugu, sha'awar tsere ta fita daga ransa, sakamakon sakandare kuma ba na nunawa ba ne. A ce kai ne, mai karatu. Burinka ya mutu a gindin bishiya, kanti ba ka so, jami'a ba za ta dube ka ba. Ina za ka dosa?

Shekara biyu kafin haɗarin, a 1960, jihar Kalifoniya ta tsara karatun gaba da sakandare hawa uku. Jami'ar Kalifoniya, wadda Clark Kerr ke shugabanta a lokacin, za ta ɗebi ɗalibai daga kashi 12.5 cikin 100 na sama. Kwalejojin jiha za su ɗeba daga kashi ɗaya cikin uku na sama. Saura fa? Su aka buɗe wa ƙananan kwalejoji na shekara biyu, waɗanda yau ake kira kwalejojin al'umma, inda ba a korar kowa saboda raunin sakamako. Aka kuma yi alkawari: wanda ya yi shekara biyun nan da kyau, yana iya tsallakawa jami'a ya ɗora daga aji uku. Irin wannan kwaleji akwai ta a Modesto tun 1921. Nan yaron ya shiga, yana ɗingishin jinya.

Abin da ya karanta a can shi ne ya fi ɗaukar hankalina a duk labarin. Ya ɗauki nazarin al'adun ɗan Adam, da ilimin zamantakewa, da adabi. A karon farko ya zauna ya yi karatu don yana so. Bai san sana'ar da zai yi ba, amma kwasa-kwasan nan irin waɗanda jami'o'i ke nema ne a wurin ɗalibin aji ɗaya da aji biyu, kowane fanni zai shiga daga baya. Kamar mai zuwa kasuwa ne da kuɗin da kowane ɗan kasuwa ke karɓa. A 1964 ya kammala, kuma ƙofa biyu suka buɗe a gabansa.

Ta farko kwalejin jiha ce ta San Faransisko, inda ya yi niyyar ci gaba da nazarin al'adu. Ta gwamnati ce, ga sauƙin kuɗi, ga kusa da gida. Ta biyu wani abokinsa na yarinta ne ya kawo zancenta: Jami'ar Kudancin Kalifoniya, USC, a Los Anjelis, mai zaman kanta, mai tsada, da nata sharuɗɗan daban. Lucas yana son zane da ɗaukar hoto, mahaifinsa kuma ya ƙi biyan kuɗin makarantar koyon zane. Sai aka ce masa a USC akwai sashen sinima. Shi a zatonsa ɗaukar hoto zai je koya, don bai taɓa sanin ana shiga jami'a a koyi shirya fim ba. Kai fa, mai karatu? Ga hanyar da ka sani, ga wadda ko sunan sashen ba ka gama fahimta ba. Wacce za ka bi?

Ya bi ta biyu. A 1973 ya fito da American Graffiti, labarin samarin Modesto da motocinsu a shekarar 1962 ɗin nan. A 1977 ya fito da Star Wars, fim mai cike da tatsuniyoyi da almarar jarumai, irin abin da ya fara ƙwanƙwasa a ajin nazarin al'adu. A 2006 ya ba sashen fim na USC kyautar dala miliyan 175. A 2012 kamfanin Disney ya sayi kamfaninsa a kan kuɗin da ya haura dala biliyan 4.

Masu ba da labarin nan sun fi son su tsaya a kan bel ɗin da ya tsinke. Ni kuwa abin da ke damuna shi ne 'yar gadar nan tsakanin kwaleji da jami'a, wadda ya taka ya wuce lafiya. Nawa ne suka hau ta suka zurma?

A 2017 ofishin bincike na majalisar dokokin Amurka, GAO, ya fitar da rahoto a kan ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009. Ya ƙiyasta cewa a matsakaici sun yi asarar kashi 43 cikin 100 na yunit ɗin da suka riga suka ci. Ka duba fa: ɗalibi ya biya kuɗi, ya zauna a aji, ya ci jarrabawa, sabuwar makaranta ta ce kusan rabin wahalarsa ba ta lissafa ba. Kuma su wa ke cika kwalejojin al'umma? 'Ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, da masu aiki da rana su yi karatu da dare, da iyaye mata masu goyo. Waɗanda ba su da rarar shekara ko rarar dala, su ake sa wa maimaita kwas. Wannan zalunci ne, ko da ba wanda ya yi niyyarsa.

Ka ɗauki ɗalibar da ke zaune yau a kwalejin Modesto ɗin nan. Hankali ya ce kada ta nemi jami'a ɗaya tak, don ana iya hana ta. Jihar na da kwalejojin al'umma 116. Jami'ar Kalifoniya na da rassa 9 masu ba da digiri na farko, jami'ar jiha kuma, wato tsoffin kwalejojin jihar nan, rassanta sun haura 20. Kafin ta tsallaka aji uku sai ta tara yunit 60 na simesta, wanda a lissafin rassan da ke raba shekara zango-zango ya zama 90, domin ko kalandarsu ba ɗaya ba ce: Berkeley da Merced simesta suke yi, sauran rassan Jami'ar Kalifoniya kuwa gajerun zanguna. Rassanta 6 suna ba da tabbacin gurbi ga wanda ya cika sharuɗɗa, amma reshe ɗaya kawai aka yarda ta nemi wannan tabbaci a wurinsa. Berkeley da Los Anjelis da San Diyego ba sa cikin tsarin ma. Wanda ya taɓa riƙe takardar difloma ko NCE yana duba sharuɗɗan shiga aji biyu kai tsaye a littafin JAMB, yana ganin kowace jami'a da abin da take so, ya ɗanɗani wani abu na wannan ciwon kai.

Shekaru da dama, ko a jerin kwasa-kwasan share fage da manyan jami'o'in biyu suka amince da shi tun 1991, sai da kowacce ta maƙala nata. Jami'ar jiha ta ce sai an yi kwas na iya magana a gaban jama'a. Jami'ar Kalifoniya ta ce sai an nuna ƙwarewa a wani harshe ban da Ingilishi. Mai neman duka biyun sai ya ɗauki kaya biyu. Jiha ɗaya, gwamnati ɗaya, harajin mutane ɗaya, amma manyan malamai sun kasa zama su daidaita takarda guda. Sai da 'yan majalisa suka sa baki. A 2010 aka yi dokar da ta ƙirƙiro wata takardar kammalawa mai tabbatar wa ɗalibi gurbi a jami'ar jiha. A 2021 aka yi wata, wadda ta tilasta wa jami'o'in biyu fito da jeri ɗaya. Shi ne ake kira Cal-GETC, ya fara aiki a 2025, shekara 65 bayan alkawarin 1960.

An rage kaya, amma ba a sauke ba, domin jerin nan na share fage ne kawai. Kowane sashe a kowane reshe yana nan da nasa buƙatun. Akwai shafin intanet na jiha mai suna ASSIST, inda ɗalibi ke sa sunan kwalejinsa, da reshen da yake so, da fannin, a nuna masa wane kwas ne ke tsayawa a madadin wane. Idan rassa huɗu ɗalibarmu ke nema, sau huɗu za ta duba, ta jera su gefe da gefe, ta ja layi a ƙarƙashin abin da duka suka haɗu a kai, ta fara da shi. Daga nan sai ta iso inda suka rabu. A ce ilimin halittu take so: wannan reshe yana son fiziks mai haɗe da lissafin kalkulas, wancan ya yarda da mai sauƙi. Mai wuyar yakan gamsar da duka biyun, amma yana iya ja mata maki ƙasa, makin da shi za a duba a ba ta gurbi. Mai sauƙin zai kare mata maki, ya rufe mata ƙofa ɗaya.

Rajista za a rufe ranar Juma'a, aikin dare na jiranta, kuɗin kwas ɗaya ne a hannunta. Kai ne ita, mai karatu. Wanne za ka sa hannu a kai?