FASHIN BAƘI: Yadda ake kamun ƙafa wurin kansila kan izinin gini a Ingila

A watan Oktoban 2018 Robert Davis ya ajiye kujerarsa ta kansila a ƙaramar hukumar Westminster da ke tsakiyar Landan, bayan ya shafe shekara 17 yana shugabantar kwamitin ba da izinin gine-gine. Jaridar The Guardian ce ta bankaɗo cewa ya karɓi kyaututtuka da liyafa fiye da sau 500 cikin shekara uku, da dama daga hannun masu harkar gine-gine. Ya musanta aikata ba daidai ba, amma binciken cikin gida ya same shi da saɓa ƙa'idar aiki. Daga rajistar da shi da kansa yake cikewa aka tattaro alƙaluman.

Wanda ya saba ganin cewa a Kano hukumar jiha, wato KNUPDA, ke ba da izinin gini, zai yi mamakin abin da ya sa attajirai ke rububin kansila. Dalili shi ne, tun daga dokar tsara birane ta 1947, mallakar fili a Ingila ba ta ba mutum ikon yin gini a kansa sai da amincewar ƙaramar hukuma. Sa hannu ɗaya kan iya ninka darajar fili sau da yawa.

Da zarar an shigar da takardar neman izini, hukuma kan sanar da maƙwabta, ta ba su kwana 21 su faɗi ra'ayinsu. Ƙaramin gini ana sa ran yanke masa hukunci cikin mako 8, babba kuwa mako 13. Fiye da kashi 90 cikin 100 na takardun ma'aikata ne ke kammala su a ofis, ba sa isa gaban kansiloli. Nan ne kansilan mazaɓa ke da amfani: a ƙananan hukumomi da yawa yana da damar neman a ɗauke takarda daga teburin ma'aikaci a kai ta zaman kwamiti, inda za a yi muhawara a bainar jama'a. Wa'adin yin hakan 'yan makonni ne kawai, wanda ya makara ya rasa.

Neman kansila halal ne ga kowane ɓangare, mai gini da mai adawa da ginin. Sai dai ba kowane koke ke da nauyi ba. Cunkoson motoci, barazanar ambaliya, tare wa maƙwabci haske, hayaniya, ko saɓa wa taswirar ci gaban yankin, duk hujjoji ne da doka ta yarda a duba. Cewa ginin zai karya farashin gidanka, ko kuwa ba ka yarda da halin mai ginin ba, wannan ko an saurara ba zai shiga lissafi ba. Sa hannun mutum dubu a kan hujjar da doka ba ta sani ba bai kai wasiƙa ɗaya da ta kafa hujja da taswirar ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin kansiloli. Wanda ba ya cikin kwamiti yana iya fitowa fili ya mara wa mutanen unguwarsa baya. Ɗan kwamiti kuwa tamkar alƙali yake. Dokar 2011 ta sassauta masa, ta ce bayyana ra'ayi tun da farko bai isa hujjar cewa ya riga ya yanke hukunci ba, amma idan ya yi alkawarin ƙuri'arsa kafin ya ji bayanai, ana iya rusa hukuncin a kotu. Saboda haka wanda ya matsa wa ɗan kwamiti sai ya yi masa alkawari, ƙuri'ar da yake nema yake jefawa cikin haɗari.

A ganina, rashin daidaiton ya fi fitowa bayan an kaɗa ƙuri'a. Mai adawa galibi minti uku ake ba shi a zaman kwamiti, alhali kamfani ya yi watanni yana ganawa da ma'aikata tare da ƙwararrun da ya ɗauka haya. Idan aka hana kamfani izini, yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa hukumar sufetocin tsare-tsare ta ƙasa, kuma idan aka ga kansiloli sun ƙi ne ba tare da ƙwaƙƙwarar hujja ba, ƙaramar hukuma na iya biyan kuɗin shari'a. Wannan tsoron kaɗai kan sanyaya gwiwar kwamiti. Idan kuwa aka ba da izinin, maƙwabta ba su da irin wannan dama. Abin da ya rage musu shi ne Babbar Kotu, cikin mako 6, kuma kan kuskuren bin doka kawai.

Ita ma wannan 'yar ƙofar ta kansila tana ƙara tsukewa. Gwamnatin jam'iyyar Labour, wadda ta yi alkawarin gina gidaje miliyan 1.5, ta gabatar da ƙudirin doka a Maris 2025 da ya ba gwamnatin tsakiya ikon fayyace takardun da za su je gaban kwamiti da waɗanda ma'aikata za su yanke su kaɗai, tare da tilasta wa 'yan kwamiti samun horo kafin su zauna.