Zumunci da Tsawon Rai: Darasin Binciken da Ya Haura Shekara 80

A shekarar 1938 likitoci a Jami'ar Harvard da ke Amurka suka fara bin diddigin rayuwar ɗalibai maza 268. Daga baya aka haɗa musu da yara 456 daga unguwannin talakawa na birnin Boston, suka zama 724. Tun suna samari har furfura ta rufe su ana auna lafiyarsu, ana tambayarsu yadda suke zaune da iyali da abokai. Cikinsu akwai John F. Kennedy, wanda ya zama shugaban ƙasa, akwai lauyoyi da birkiloli, akwai kuma waɗanda giya ta kassara. Binciken yana nan har yau a hannun shugabansa na huɗu, Dokta Robert Waldinger, ya kuma kai ga 'ya'yansu.

An gano cewa waɗanda suka fi jin daɗin zama da mutanensu suna da shekara 50, su ne suka fi ƙoshin lafiya da suka kai 80. Wannan ma'auni ya fi yawan kitsen jini nuna yadda tsufan mutum zai kasance. Kuma ingancin dangantakar ne ke aiki. Gidan da kullum ake cikin tashin hankali cutarwa yake yi, ko da cike yake da jama'a. Dalilin a bayyane yake: damuwar da ba a samu wanda za a faɗa wa ba tana daɗewa a jiki, ta tayar da hawan jini, ta hana barci. Mai dangi kuwa, akwai wanda zai lura ya rame, ya matsa masa ya je asibiti.

Buƙatar dangantaka tana farawa tun a goye. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceaușescu a Romaniya a 1989, duniya ta ga dubban yara jibge a gidajen marayu, ana ba su abinci amma babu mai rungumarsu. Masana da suka bi yara 136 a birnin Bukares sun ga cewa waɗanda aka mayar hannun iyalai, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi waɗanda aka bari kaifin tunani da iya magana. A ɓangaren tsufa kuwa, kaɗaici ya yi ƙamarin da Birtaniya ta naɗa minista na musamman a kansa a 2018, Japan ta bi sahu a 2021.

Mu nan mun tashi da wannan sani. Hadisi ya koyar da mu cewa sada zumunci na buɗe arziki, yana ƙara tsawon rai. Gaisuwar mara lafiya, barka, ta'aziyya da yawon sallah duk hanyoyi ne da kakanninmu suka shimfiɗa don kada kowa ya rasa mai leƙa shi. Amma neman abinci ya watsa mu birane, ziyara ta koma saƙon WhatsApp, rikicin gado ya raba 'yan ɗaki ɗaya. Tsofaffi da yawa a ƙauye kuɗin 'ya'yansu na isa gare su, fuskokinsu kuwa sai shekara ta zagayo.

Zumunta a ƙafa take. Duk mai iyaye a raye, ko ƙanwar uwa da ya daɗe bai gaisar ba, ko ɗan'uwan da suka yi shekaru ba sa ga-maciji, ya ware rana ya je da kansa. Lafiyar tasa da tasu duka na da rabo a wannan tafiya.